Ƙwayoyin Asali da Cututtukan Ƙwaƙwalwa: Ina Bincike Ya Kai?



Sharhin yau na gidajen da ke da majinyaci ne, irin majinyacin da ba a cewa gobe ko jibi zai miƙe. Dattijon da hawan jini ya kayar, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Matashin da hatsarin babur ya taɓa masa laka, tun daga ranar ƙafafu ba su sake ɗaukarsa ba. Yaron da aka sha wuyar haihuwarsa, ya faɗo bai yi kuka ba, ga shi har an yaye ƙaninsa shi ko zama bai iya ba. Tsohuwar da hannunta ke karkarwa har ba ta iya kai kofin koko baki. A irin waɗannan gidaje ne wata magana ta samu gindin zama a 'yan shekarun nan. Wai an samo maganin da ke sabunta ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, sitem sel, wato ƙwayoyin asali, ana yin allurarsa a Indiya da wasu ƙasashe, har ga na sha a leda ana yawo da shi ofis-ofis. Da an ji haka sai a kira taron dangi, a fara lissafin filin da za a sayar.

Tun kafin mu yi nisa bari in faɗi matsayina. Binciken na gaskiya ne, kuma ya kai inda shekara 30 baya ba wanda ya yi zaton zai kai. Amma a kan shanyewar ɓarin jiki, da farfaɗiya, da cutar mantuwa, da galahanga, da raunin laka, har yau gwaji ake yi. Duk wanda ya ce ka kawo miliyoyi ya warkar maka da ɗayansu ta wannan hanya, abin da masu binciken kansu ba su riga sun samu ba shi yake sayar maka.

Matsalar kuwa babba ce. Wani nazari da mujallar Lancet ta ɓangaren cututtukan jijiya ta buga a 2024, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hannu a cikinsa, ya nuna cewa a shekarar 2021 sama da mutum biliyan 3 na fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa ko jijiyoyi, tun daga ciwon ɓarin kai har zuwa shanyewar jiki. Wato fiye da mutum ɗaya cikin kowane uku a doron ƙasa. Inda mabuƙata suka kai haka yawa, kasuwa ba ta jiran likita.

To mene ne waɗannan ƙwayoyin asali? Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kowace da aikinta: ta fata daban, ta tsoka daban, ta jini daban. Sai kuma wasu da ba su riga sun zama komai ba, suna iya hayayyafa, suna kuma iya rikiɗa su zama wani nau'i idan jiki ya buƙata. Su ne ƙwayoyin asali. Albarkacinsu rauni ke cikewa idan ka yanke, su ne kuma a cikin ɓargo suke ƙera sabon jini dare da rana. Masana biyu a birnin Toronto na Kanada, James Till da Ernest McCulloch, su suka fara kafa hujjar samuwarsu a ɓargon ɓeraye a 1961.

Ƙwaƙwalwa ita ce ta fita daban. Tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace na haɗe da dubban 'yan'uwanta, kuma galibinsu da su aka haife mu. Idan suka mutu jiki ba ya mayar da gurbinsu, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ko da an samo sababbi an zuba, aiki bai ƙare ba. Ku ɗauki misalin unguwar da gobara ta cinye wayoyin lantarkinta. Don an kawo buhun sababbin wayoyi an juye a tsakiyar layi, ba gidan da zai ga wuta. Sai an ja kowace waya daga inda ya dace zuwa gidan da ya dace. Haka sabuwar ƙwayar jijiya take: sai ta rayu, ta zama nau'in da ake so, ta miƙa reshe zuwa inda ya kamata, garkuwar jiki ba ta kashe ta ba, ita kuma ba ta ci gaba da hayayyafa ta zama ƙari ba. Wannan na ƙarshe shi ne babban abin da ke hana masana barci, domin ƙarfin hayayyafar da ya sa ake son ƙwayar asali shi ne dai ƙarfin da ciwon daji ke amfani da shi.

Abubuwa biyu suka buɗe wannan fage. A 1998 James Thomson na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya yi nasarar raino, a ɗakin gwaje-gwaje, ƙwayoyin asali da aka ciro daga ɗan tayin kwanaki kaɗan, irin waɗanda ke raguwa a asibitocin dashen ciki. Nan take gardama ta kaure, saboda ciro su na nufin lalata ɗan tayin. Shugaba George Bush ya taƙaita kuɗin gwamnati a kan irin wannan bincike a 2001. A ɓangarenmu na Musulmi, majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin asali idan tushensu halal ne, kamar jikin baligi da izininsa, ko mabiyiya da cibiya da izinin iyaye, ta kuma haramta zubar da ciki da gangan don a samo su.

Sai a 2006 wani likita a Jami'ar Kiyoto ta Japan, Shinya Yamanaka, ya zo da abin da ya girgiza duniyar kimiyya. Ya ɗauki ƙwayar fatar ɓera, wadda ta riga ta zama fata, ya sa mata ƙwayoyin gado guda 4, sai ta koma baya ta zama ƙwayar asali mai iya zama komai. A 2007 ya maimaita haka da fatar mutum. A 2012 aka ba shi kyautar Nobel tare da John Gurdon na Ingila. Ma'anar wannan ita ce, daga ɗan yankin fata ko ɗan jinin baligi ana iya samar da ƙwayar jijiya, ba tare da an taɓa ɗan tayi ba. Ni a ganina wannan na cikin manyan abubuwan da ɗan Adam ya gano a zamaninmu, kuma ya cancanci a girmama shi.

Inda binciken ya fi nisa shi ne cutar makyarkyata, wadda likitoci ke kira da sunan James Parkinson, likitan Landan da ya siffanta ta a 1817. Duk wanda ya kalli Muhammad Ali yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996, hannu na rawa, fuska a daskare, ya ga wannan cuta ido da ido. Dalilin da ya sa masana suka fara da ita a fili yake. Abin da ke mutuwa nau'i ɗaya ne na ƙwayoyi, a wani ɗan lungu can cikin ƙwaƙwalwa, masu samar da sinadarin dofamin da ke daidaita motsin jiki. Akwai ƙwayar magani mai suna lebodofa tun ƙarshen shekarun 1960, tana aiki sosai na wasu shekaru, daga baya ƙarfinta ya riƙa raguwa. An san abin da ya ɓace, an san inda za a sa shi. Idan akwai cutar ƙwaƙwalwa da dashe zai yi wa amfani, wannan ce a kan gaba.

Duk da haka ku ji tsawon tafiyar. A 1987 likitoci a birnin Lund na Suwidin, ƙarƙashin Olle Lindvall da Anders Björklund, suka fara dasa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan tayi a kan masu wannan cuta. Wasu sun samu sauƙi na ban mamaki, har akwai waɗanda suka yi shekaru ba su buƙatar magani. Murna ta cika ko'ina. Sai Amurkawa suka ce a gwada abin yadda ya kamata. Aka ɗauki majinyata 40, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Dukansu an kai su ɗakin tiyata, an huda ƙoƙon kai, amma rabi kaɗai aka zuba wa ƙwayoyin. Majinyaci bai san ɓangaren da ya faɗa ba, likitan da ke auna shi daga baya shi ma bai sani ba, kuma kowa ya amince da wannan tsari tun farko. Wani zai ce ina dalilin wannan wahala? Dalilin shi ne sa rai kaɗai yana sa mutum ya ji sauƙi na ɗan lokaci. A wannan cuta ma an auna an gani, tsammanin samun magani yana sa ƙwaƙwalwa ta saki dofamin. In ba a yi haka ba, ba yadda za a bambance aikin dashe da aikin zuciya.

Sakamakon ya fito a 2001. 'Yan ƙasa da shekara 60 sun ɗan samu sauƙi, tsofaffi ba su samu ba. Daga baya kuma kimanin kashi 15 cikin 100 na waɗanda aka yi wa dashen suka kamu da fizge-fizgen jiki da ba sa iya tsayarwa, ko an janye magani. Gwaji na biyu a 2003, mai mutum 34, bai nuna amfani a zo a gani ba, kuma fiye da rabin waɗanda aka dasa wa sun samu irin wannan matsala. Sai masana suka ja birki, suka koma ɗakin gwaje-gwaje. Ba su ɓoye sakamakon ba, sun buga shi duniya ta karanta. Wannan hali shi ne abin da nake so mai sauraro ya riƙe, don da shi ake gane mai bincike.

An ɗauki fiye da shekara 15 kafin a dawo da ƙarfi. A Kiyoto, tawagar Jun Takahashi ta fara da birai, ta bi su har shekara 2 ta ga ƙari bai fito ba, kafin a 2018 ta taɓa mutum na farko. Yadda ake yi shi ne, ana ɗaukar ƙwayoyin da aka samo daga jinin wani lafiyayye, a mayar da su na asali, a yi makonni ana rainonsu har su kama hanyar zama masu samar da dofamin, a tace a fitar da duk wadda ta kauce. Ranar aiki sai a kafe kan majinyaci da wani ƙarfe don kada ya motsa, a huda 'yar ƙaramar ƙofa a ƙoƙon kai, a zura siririyar allura bisa jagorancin hoton ƙwaƙwalwa, a ɗiga ƙwayoyin a daidai wurin da ake so, dama da hagu. Wasu an sa musu kimanin miliyan 5, wasu kimanin miliyan 10. Bayan haka majinyaci zai yi fiye da shekara yana shan maganin danne garkuwar jiki.

Mutum nawa aka yi wa? Bakwai. A watan Afrilun 2025 mujallar Nature ta buga sakamakon bayan an bi su shekara 2: ba wanda ƙari ya fito masa, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ƙwayoyin sun rayu suna samar da dofamin, kuma daga cikin 6 da aka auna motsinsu, 4 sun samu ci gaba. A rana guda mujallar ta buga wani gwajin na Amurka da Kanada, mai mutum 12, wanda ya samo asali daga aikin Lorenz Studer da Viviane Tabar a New York, shi ma da sakamako mai ƙarfafa gwiwa. Labari ne mai daɗi, kuma ni kaina ya faranta mini rai. Amma duka-duka mutum 19 ne, kowannensu kuma ya san an yi masa dashen. Saboda haka ne aka shiga babban gwaji na kimanin mutum 100, irin mai ƙuri'a da tiyatar da ba a zuba komai. Kamfanin Sumitomo ya kuma miƙa wa hukumomin Japan takardar neman izinin sayar da ƙwayoyin na Kiyoto a 2025. Daga 1987 zuwa 2025 shekara 38 ke nan, a kan cutar da aka fi sa wa rai.

Sauran cututtukan suna baya. A raunin laka, kamfanin Geron ya fara gwajin farko a 2010, ya tsayar da shi a 2011 saboda kuɗi. Jami'ar Keio ta Tokiyo ta sanar a 2025 cewa daga cikin mutum 4 da ta yi wa dashe, 2 sun samu ci gaba, ɗaya har yana iya tsayawa. Japan ta ba wata allura izinin wucin gadi a 2018 bisa gwajin mutum 13 kacal, masana da yawa a duniya kuma suka ce an yi gaggawa. A shanyewar ɓarin jiki, gwajin kamfanin SanBio a Amurka ya kasa cimma abin da aka sa a gaba a 2019, wani babban gwaji a Japan shi ma haka a 2022. A cutar nan mai cinye jijiyoyin motsi, wadda ta zaunar da masanin kimiyya Stephen Hawking a keke, kwamitin masu ba hukumar magunguna ta Amurka shawara ya ƙi amincewa da wani maganin ƙwayoyin asali a 2023, da ƙuri'a 17 a kan 1. A galahanga kuma, Jami'ar Duke ta gwada jinin cibiya a kan yara 180, ta buga a 2020 cewa ba a ga bambancin da ake nema ba.

Akwai inda ƙwayoyin asali suka daɗe da zama magani tabbatacce, wato dashen ɓargo, wanda ya jawo wa Donnall Thomas kyautar Nobel a 1990. Ana yin sa a kan sankarar jini da cutar sikila. A Nijeriya ma an yi na farko a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ƙarƙashin Nosakhare Bazuaye, a kan wani yaro mai sikila. A ɓangaren ƙwaƙwalwa, dashen ɓargo ya nuna amfani a wata cuta da garkuwar jiki ke cinye rigar jijiyoyi, wadda ta fi yawa a ƙasashen Turai. Wani gwaji na mutum 110 da aka buga a 2019 ya nuna cutar ta ci gaba a mutum 3 cikin waɗanda aka yi wa dashe, da mutum 34 cikin masu shan magani. Sai dai a lura, nan ba sabuwar ƙwaƙwalwa ake ginawa ba. Garkuwar jiki ake rushewa da magunguna masu ƙarfi a sake gina ta, aiki ne mai haɗari da kan ci rai. Da irin wannan nasara ta gaskiya 'yan kasuwa ke fakewa su sayar da abin da bai da alaƙa da ita.

Kasuwar kuwa ta bunƙasa. Wani mai bincike, Leigh Turner, ya ƙirga asibitoci 570 masu tallar irin wannan allura a Amurka a 2016. A 2021 ya sake ƙirgawa ya samu 2,754. Galibinsu kitsen ciki ko ɓargon mutum suke zuƙa, su juya a na'ura, su mayar masa ta jijiya ko ta gadon baya a yini ɗaya, kuma allura guda ce ake cewa tana maganin ciwon gwiwa, da ciwon suga, da mantuwa, da rashin haihuwa.

Da a ce asarar kuɗi ce kaɗai, da da sauƙi. A 2009 likitoci a Isra'ila suka ba da rahoton wani yaro da iyayensa suka kai Mosko aka yi masa allurar ƙwayoyin ɗan tayi. Bayan 'yan shekaru ƙari ya fito masa a ƙwaƙwalwa da laka, da aka bincika kuma aka tarar ƙwayoyin ƙarin ba nasa ba ne, na waɗanda aka zuba masa ne. A Jamus hukuma ta rufe wani asibiti a Dusuldof a 2011, bayan wani yaro ɗan wata 18 ya rasu sakamakon allurar da aka yi masa a ƙwaƙwalwa. A 2016 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta kawo labarin wani dattijo da ɓarin jikinsa ya shanye, ya zaga asibitoci a Sin da Ajantina da Meziko, ya kashe kusan dala 300,000, ya dawo da wani tsiro a laka da ya ƙara nakasa shi. Shekara guda bayan haka mujallar ta kawo labarin mata 3 a jihar Fulorida da aka yi wa allurar kitse a idanu, ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance gaba ɗaya. A Indiya, inda mutanenmu suka fi zuwa, hukumar kula da likitoci ta ƙasar ta bayyana a 2022 cewa yi wa yaro mai galahanga wannan allura a matsayin magani saɓa ƙa'idar aikin likita ne.

Na san abin da wani zai ce: ai na ga bidiyo, mutum ya tafi a keke ya dawo yana takawa. Ba lallai ba ne bidiyon ya zama ƙarya. Amma mai shanyewar ɓarin jiki yakan samu mafi yawan sauƙinsa ne a watanni 3 zuwa 6 na farko, ko da allura ko babu, saboda sassan ƙwaƙwalwa da suka tsira suna koyon ɗaukar aikin waɗanda suka mutu. Sannan da yawan waɗannan asibitoci suna haɗa allurar da makonni na gashi da motsa jiki kullum, abin da majinyacin bai taɓa samu a gida ba. Ya samu sauƙi, sai allura ta kwashe yabo. Waɗanda suka dawo yadda suka tafi kuwa, ko suka dawo a makara, ba wanda ke ɗaukarsu bidiyo.

Shi kuwa na leda, wanda ake cewa an haɗa da ƙwayoyin asalin tuffa ko inabi, a zuba a ƙarƙashin harshe, maganarsa gajeriya ce. Garin da aka busar ba ƙwaya mai rai a cikinsa. Ko da akwai, ƙwayar tsiro ba ta zama ƙwayar ƙwaƙwalwar mutum, kuma abin da ya shiga ciki narkewa yake kamar kowane abinci. Lambar hukumar NAFDAC a jikin leda, in ma ta gaskiya ce, ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da shanyewar jiki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne idan mai tallan, wanda sau da yawa ɗan'uwa ne ko abokin aiki da shi ma aka ruɗe shi, ya ce wa dattijo: “Baba, ka ajiye waɗannan ƙwayoyin na asibiti, wannan ya wadatar.” Dattijo ya ajiye maganin hawan jini, bayan 'yan watanni a sake kwasarsa ranga-ranga.

Idan aka ce maka gwaji ne ake yi, to gwaji na da alamominsa. Akwai kwamitin ɗa'a da ya duba ya amince. Ana yi maka bayani da harshen da kake ji, har da abin da zai iya faruwa na sharri, kafin ka sa hannu, kana kuma da ikon janyewa duk lokacin da ka so. A bisa al'ada ba kai ke biyan kuɗin abin da ake gwadawa a jikinka ba. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani a kan muhimmancin wannan ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji na yara 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Tabon da abin ya bari har rigakafin shan inna sai da ya shafa.

Amma a Kanon nan dai aka yi wani binciken da ya kamata mu yi alfahari da shi. Yaro mai sikila na cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kusan 1 cikin 10 na gamuwa da ita kafin shekara 20 idan ba a ɗauki mataki ba. Likitocin asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin Murtala, da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka ɗauki hanya mai sauƙi. Yaro zai kwanta, a shafa masa ɗan mai a gefen kai tsakanin ido da kunne, a ɗora wata 'yar na'ura da ke auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ba allura, ba zafi, uwa na zaune a gefe tana jin ƙarar jinin ɗanta na wucewa. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, alama ce jijiya ta ƙuntata. A Amurka irin wannan yaro ƙarin jini ake masa duk wata, abin da ya fi ƙarfin yawancin iyayenmu. Sai aka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a kan yara 220, aka buga sakamakon a 2022, ya nuna ko ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya. A ƙasar da ake haihuwar jarirai masu sikila kimanin 150,000 duk shekara, wannan ƙwaya ta fi kusa da ceton ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu fiye da duk wata allura ta ƙetare.

Haka nan wani babban bincike a asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da Kano da Zariya, ƙarƙashin Mayowa Owolabi na Ibadan, ya nuna a 2018 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin shanyewar ɓarin jiki a wannan yanki yana da nasaba da hawan jini. Farfaɗiya kuma, wadda ke damun mutum kimanin miliyan 50 a duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa da magungunan da ake da su yanzu, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samu. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarta ta yawu, ba kuma dalilin cire yarinya daga makaranta ba ce.

Ba cewa nake mu zama 'yan kallo a binciken ƙwayoyin asali ba. Yawancin ƙwayoyin da ake aiki da su a ɗakunan gwaje-gwajen duniya daga jikin Turawa aka samo su, alhali gado na da tasiri. A 2023 wata tawaga da ta haɗa da Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ta gano wani sauyin ƙwayar gado da ke ƙara haɗarin makyarkyata a jinin mutanen Afirka ta Yamma, wanda binciken Turai bai taɓa hangowa ba. A Damaturu kuma, cibiyar binciken da Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa a Jami'ar Jihar Yobe a 2021 ta sa a gaba samar da ƙwayoyin asali daga jikin mutanenmu don nazarin cutar mantuwa. Irin waɗannan su ya kamata gwamnatoci da attajiranmu su zuba wa kuɗi, tare da horar da likitocin ƙwaƙwalwa da masu gashin ƙashi, waɗanda ƙarancinsu ya sa majinyaci kan yi tafiyar yini guda kafin ya ga ɗaya.

Kirana na farko ga mu 'yan gidajen rediyo ne. Kada mu karɓi kuɗin tallar da ke cewa leda ɗaya na tayar da wanda ya shanye, domin muryarmu ce mutanen karkara ke gaskatawa. Kai kuma mai jinya, kafin ka biya wa kowa ko sisi, ɗauki takardun majinyacinka da takardar da asibitin wajen ya aiko, ka kai wa likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa mafi kusa, ka tambaye shi ko an buga sakamakon wannan magani a kan wannan cuta. Kada a dakatar da maganin hawan jini ko na farfaɗiya sai da izinin likita. Iyayen yara masu sikila, ku nemi a yi wa 'ya'yanku awon gudun jinin ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya haura shekara 40 kuma, namiji ko mace, ya je a auna masa hawan jini a cikin makon nan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.